Mijina tsohon sojan Amurka ne, ya rasu: sabon aure zai raba mu da inshorar lafiya?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar shekara 43 ce, ina zaune a Amurka. Maigidana ya yi aikin sojan ƙasar nan shekara takwas, har Iraƙi an tura shi, ya bar aiki bai kai ritaya ba. Daga baya ciwon huhu ya kama shi, ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, ta rubuta masa naƙasa ɗari bisa ɗari. Wata takwas ke nan da Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mini yara biyu: namiji ɗan shekara 19 da ya shiga jami'a, da mace 'yar shekara 11 mai ciwon sikila. Ni ma ina da ciwon suga. Da inshorar wurin aikina muke zuwa asibiti, amma na ajiye aikin saboda jinya, yanzu takardun biyan kuɗi sun taru mini. Wata ƙawata ta ce akwai shirin inshorar lafiya na VA mai suna CHAMPVA, na iyalan irin su maigidana. Yayan marigayi ya ce kada in je ina roƙon gwamnati da sunan ƙaninsa, zubar da mutuncin gidansu ne. Ga kuma wani mutumin kirki ya fito yana neman aurena. An ce mini in na yi aure komai zai tsaya, har da na yara. Wasu sun ba ni shawarar a ɗaura a masallaci kawai, kada a yi rajista, gwamnati ba za ta sani ba. Wani lokacin ma sai in ji kamar in tattara yara in koma gida. Anti, ina mafita?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya raya abin da ya bari. Ke kuma Allah ya saka miki da alheri, don ajiye aiki saboda jinyar miji ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin komai, nemo takardar hukuncin da VA ta aiko wa marigayi lokacin da ta rubuta masa naƙasar. Cewa ɗari bisa ɗari kaɗai bai wadatar ba. Abin da ake nema shi ne a ce naƙasar ta samo asali daga aikin soja, cikakkiya ce, kuma ta dindindin ce, wato ba a sa ran zai warke. A takardun VA ana taƙaita wannan da haruffan P&T. Idan haka aka rubuta masa har ya rasu, ke da yaran kun cancanci CHAMPVA. Idan ba a rubuta dindindin ba, akwai ƙofa ta biyu: matuƙar VA ta amince cewa ciwon da ya samu a sanadin aiki shi ne ajalinsa, kun cancanta. Kin ce ya je Iraƙi kuma huhu ne ya kwantar da shi, to ki riƙe wannan da kyau. A watan Agustan 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu a dokar PACT, wadda ta shafi sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan da wasu wurare. Dokar ta jera cututtuka, ciki har da kansar hanyoyin numfashi da asma da ta bayyana bayan barin aiki, ta ce in sojan ya yi aiki a waɗannan wurare a lokutan da aka ƙayyade, za a ɗauka aikin ne ya jawo masa, ba sai iyalinsa sun kawo hujja ba.

Sharaɗin da ya rage shi ne kada ku kasance cikin masu haƙƙin TRICARE, inshorar ma'aikatar tsaro ta sojojin da ke bakin aiki da waɗanda suka yi ritaya da iyalansu. Ba a haɗa su biyun. Tunda ya bar aiki bai yi ritaya ba, da alama CHAMPVA ne naku. Amma ki duba takardar sallamarsa, DD214, domin akwai waɗanda ake yi wa ritaya da wuri saboda rashin lafiya, su kuma iyalansu TRICARE suke bi.

Akwai wani abin da ba ki tambaya ba, kuma shi ya fi gaggawa. Ban da inshora, akwai kuɗin wata-wata da ake kira DIC, da VA ke biyan matar sojan da ciwon aiki ya zama ajalinsa, ko wanda ya shafe shekara 10 da cikakkiyar naƙasa kafin rasuwarsa. A 'yan shekarun nan kuɗin ya haura dala 1,600 a wata, ba a cire masa haraji, kuma akwai ƙari a kan kowane yaro da bai kai 18 ba. Idan takardar nemanki ta isa VA kafin shekara ta cika da rasuwar, za a lissafa miki tun daga watan da ya rasu. In kika bari shekarar ta wuce, daga lokacin da kika nema za a fara, watannin baya sun tafi ke nan. Wata huɗu ya rage miki. Lambar fom ɗin 21P-534EZ. Ki cike shi a makon nan, ko da sauran al'amuran ba su daidaita ba.

Sai maganar yayan marigayi. Ina kyautata masa zato, wataƙila kishin sunan ƙaninsa ne ya sa shi faɗin haka, amma bai fahimci abin ba. Tun 1973 majalisar dokokin Amurka ta kafa CHAMPVA, don iyalan sojan da aiki ya naƙasa ko ya kashe. Ba a tambayar ko kina da kuɗi ko ba ki da shi, domin ba tallafin marasa galihu ba ne. Maigidanki ya ba da shekara takwas da lafiyar huhunsa, wannan kuwa wani ɓangare ne na abin da ƙasar ta ɗaukar wa kanta za ta biya. Barin sa ba zai ƙara wa marigayi daraja ba, kuma a jikin 'yarsa mai sikila abin zai fito. Ki yi wa yayan nasa bayani cikin ladabi, a matsayinsa na baban yara, ki nuna masa takardar VA da idonsa. In ya gamsu, madalla. In bai gamsu ba, ba a buƙatar sa hannunsa a ko'ina.

Fom ɗin CHAMPVA shi ne 10-10d, ana cike shi ta shafin VA a intanet ko a aika ta gidan waya. Ki haɗa da 10-7959c, inda za ki bayyana ko akwai wata inshorar da ɗayanku ke da ita. Ki tanadi takardar aure, takardar rasuwa, takardun haihuwar yara, da hukuncin VA ɗin nan. Kwafi za ki aika, ki riƙe na asali a hannunki.

Ba a biyan kuɗin wata a wannan shiri. A kowace shekara, ku za ku fara biyan dala 50 na farko a kan mutum ɗaya, kuma ba zai wuce dala 100 ga iyali duka ba. Bayan haka CHAMPVA na biyan kashi 75 cikin ɗari na farashin da ya amince da shi, ke ki biya 25. Misali, in farashin da aka amince na ganin likita dala 200 ne, dala 50 ne naki. Abin da ya fi muhimmanci ga gida mai sikila shi ne rufin da aka sa: in abin da kuka biya daga aljihunku ya kai dala 3,000 a shekara, sauran shekarar shirin zai ɗauki duk abin da ke cikin tsarinsa. Duk wadda ta taɓa kwana a asibiti da yaro cikin ciwon ƙashi ta san yadda kuɗin kwanciya ɗaya ke iya kaiwa, saboda haka wannan rufin shi ne ainihin kwanciyar hankalin. Magungunan da ake sha kullum, irin naki na suga, akwai tsarin aiko su gida ta gidan waya ba tare da kin biya komai ba, muddin ba ki da wata inshorar magani. Haƙori da tabarau kuwa galibi ba sa ciki, sai dai akwai inshorar haƙori ta daban da VA ta tsara, wadda za ki iya saye. Manyan ayyuka irin dashen ɓargo sai an nemi izini tun kafin a yi.

CHAMPVA ba shi da jerin likitocinsa na kansa, don haka kafin ki je wurin likita ki tambayi ofishinsa ko suna karɓa. Wasu ma'aikatan ba su taɓa jin sunan ba, wasu suna ruɗa shi da TRICARE, sai kin yi haƙurin bayani. Asibitin da ke karɓar Medicare, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi, dole ne ya karɓi CHAMPVA a kan kwanciya. In kin koma aiki kika samu wata inshorar, ita za ta fara biya, CHAMPVA ya biyo baya ya rage abin da ya saura. In kuma 'yarki ta samu Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, CHAMPVA ne ke fara biya.

Takardun da suka taru miki kuwa, kada ki yar da ko ɗaya. A ƙa'ida ana neman biya cikin shekara ɗaya daga ranar da aka ga likita. Amma wanda aka amince da cancantarsa daga baya yana da kwana 180 daga lokacin da aka sanar da shi, ya aika takardun jinyar da aka yi tun ranar da cancantar ta fara. In an rubuta wa marigayi naƙasar dindindin tun yana raye, tun lokacin kuka cancanta, ba ku sani ba ne kawai. Ki sanar da ofishin kuɗi na asibitin cewa kina jiran katin, ki roƙe su su dakata da miƙa bashin ga kamfanonin karɓar bashi.

Yaronki ya wuce 18, don haka makaranta ce ke riƙe da shi a shirin. Muddin ɗalibi ne a makarantar da aka amince da ita, zai ci gaba har ya cika 23, amma sai makarantar ta ba da shaidar rajistarsa an aika, kuma ana sabunta ta. In ya bar karatu ko ya yi aure, nasa ya tsaya. Mutane da yawa suna jin cewa a Amurka yaro na zama a inshorar iyayensa har shekara 26, su ɗauka nan ma haka ne. Wannan ƙa'idar ba ta shafi CHAMPVA ba. Ki gaya masa tun yanzu ya san lissafinsa, kuma ya tambaya game da tallafin karatu na 'ya'yan sojoji da ake kira DEA, don da alama ya cancanta. Ita kuma ƙanwarsa tana ciki har 18, ko 23 in tana karatu. Akwai keɓancewa ga yaron da VA ta tabbatar cewa tun kafin ya kai 18 ba zai taɓa iya riƙe kansa ba, irin wannan ba shi da iyakar shekaru. Sikila kaɗai ba ta sa a ba da wannan hukunci, kuma fatanmu kada ta buƙace shi, amma ki riƙa adana bayanan likitocinta tun yanzu.

Batun komawa gida ba zai soke miki haƙƙin ba, domin shirin na biyan jinyar da aka yi a ƙasar waje. Sai dai yawanci ke za ki fara biya daga aljihunki, ki aika rasit da bayanin likita, a mayar miki a dalar Amurka bayan wani lokaci. Ga yarinya mai sikila, ki auna wannan jiran, ki auna kuma asibitin da za ta samu a inda za ku zauna. Ni dai ba zan so ki yanke wannan hukuncin a shekarar farko ta rashi ba.

Kada ki biya kowa don ya cike miki fom. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilai da VA ta amince da su, suna yin wannan aikin kyauta, kuma ƙananan hukumomi da yawa suna da jami'in da aka ajiye don haka. Wanda ya ce sai kin ba shi kaso daga kuɗin da za ki samu a neman farko, ki rabu da shi.

To, ga maganar auren. Abin da aka gaya miki rabi gaskiya ne, rabi ba gaskiya ba. Idan matar marigayi ta sake aure kafin ta cika shekara 55, nata CHAMPVA ya tsaya daga ranar auren, haka ma kuɗin DIC. In ta yi auren bayan ta cika 55, duka biyun suna nan. In kuma ta yi auren da wuri, daga baya ya mutu ko mijin ya rasu, tana iya nema a mayar mata. Amma na yara bai rataya a wuyanki ba. 'Ya'yan soja ne, ta mahaifinsu suka samu, kuma aurenki ba ya taɓa musu CHAMPVA. Ko DIC ma, yarinyar da ba ta kai 18 ba tana iya karɓar nata da sunanta idan ke kin daina karɓa. Saboda haka cire wannan fargabar daga ranki: maganin 'yarki ba zai tsaya don kin yi aure ba.

Abin da ke kan sikeli naki ne ke kaɗai: inshorar mai ciwon suga da kuɗin wata. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Amma ba zan ce ki zauna shekara 12 kina jiran cikar 55 ba. Ke mace ce da sauran ƙuruciyarki, kina ƙasar da kaɗaici ke cin mutum, kuma aure halal ne gare ki tunda kin fita takaba. Haka nan ba zan ce ki runtse ido ki faɗa ba, don kawai ana cewa zaman mace ba miji bai dace ba. Masu faɗin haka ba su za su saya miki insulin ba. Abin da nake so shi ne ki rubuta lissafin a takarda: nawa maganinki da ganin likita suke ci a wata, nawa za ki rasa in DIC ya tsaya, nawa za ki samu in kin koma aiki. Sannan ki zauna da mai neman naki, ko waliyyinki ya zauna da shi, a buɗe masa komai. A tambaye shi ko wurin aikinsa na ba da inshorar iyali, nawa za a riƙa cire masa in ya sa ki, kuma ko maganinki yana cikin abin da take biya. Dokar ƙasar ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 30 bayan aure ya sa matarsa a inshorar wurin aiki, kuma wanda ya rasa inshorarsa yana da kwana 60 ya sayi wata a kasuwar inshora ta gwamnati. Waɗannan kwanakin gajeru ne, a shirya musu tun kafin a sa rana. Ki lura da yadda zai karɓi wannan zancen. Namijin da ke nemanki da gaske zai ɗauko takarda ya yi lissafi tare da ke, tunda lafiyar matarsa na cikin nauyin da yake neman ɗauka. In ya ɓata rai ko ya ce kin cika son abin duniya, kin ga halinsa tun kafin ki shiga gidansa.

Shawarar ɗaura aure a ɓoye kuwa, ina roƙonki kada ki bi ta. Masu ba ta suna zaton rajista kaɗai gwamnati ke dubawa. Dokar VA ta faɗi cewa matar marigayi da ta zauna da wani namiji tana nuna wa jama'a cewa ita matarsa ce, ta fita daga matsayin da ake biyanta a kansa, ko da rajista ko babu. Auren da aka ɗaura gaban shaidu, jama'a suka yi fatiha, kika tare a gidan miji, ta yaya zai ɓoyu? VA takan aiko takarda lokaci-lokaci tana tambayar ko kin sake aure, ki sa hannu. In kika ce a'a, ƙarya ce a takardar gwamnatin tarayya, kuma laifi ne babba. Ranar da ta tonu za a nemi ki mayar da duk abin da aka biya tun daga ranar auren, ana iya gurfanar da ke, kuma in takardun zamanki ba su kammala ba, abin na iya shafar su. Yawanci ba bincike ne ke tona irin wannan ba, saɓani ne: wani ya ji haushi ya buga waya. Ga shi kuma auren da ba rajista na iya barin ki ba ki da madafa a gaban kotu ranar rabuwa ko gado, kuma sa ki a inshorar wurin aikin miji zai yi wuya, wato kin rasa ainihin abin da zai maye miki gurbin CHAMPVA. Ta fuskar addini, ki tambayi malamin da kika yarda da iliminsa hukuncin cin kuɗin da aka karɓa da shaidar ƙarya. Ni ba malama ba ce, amma ba na so ki ciyar da marayu da shi, alhali nasu na halal yana nan ba wanda ya taɓa.

Ki fara aika neman DIC da CHAMPVA yanzu, a matsayinki na matar marigayi da ba ta sake aure ba, domin gaskiyar ke nan a yau, kuma haƙƙin watannin da suka wuce naki ne ko da za ki yi aure nan gaba. Ki bari katin ya zo, ki aika tsofaffin takardun asibiti, ki ga likitanki a duba sugan da kyau a daidaita maganin. Mai neman aure ya ɗan jira waɗannan watannin, ba su da yawa. In kun daidaita aka sa rana, ki rubuta wa VA ki sanar da su ranar ɗaurin auren, ki nemi a mayar da DIC ɗin yarinyar da sunanta, ki tabbatar katinta da na yayanta suna aiki, sannan ki ajiye kwafin wasiƙar da shaidar aikawa.